Hiramin Hamdan

Ranar Alhamis muka sa bikin al'adu.
Hedimasta Malam Sabi'u ya aro lasifikar masallacin Juma'a,
muka ɗaure tantin jam'iyya tsakanin darbejiya biyu,
muka juya shi baibai
don kada hoton ɗan takara ya riƙa kallon baƙi.

'Yan matan Mangawa sun sha lafaya,
yaran Fulani da malfa da sanda a kafaɗa,
'yar malamin asibiti ta ɗaura ashoke
aka yi ta tafi har da guɗa.

Sai Hamdan ɗan aji biyar,
jikan Larabawan Shuwa na rugar bayan layin dogo,
ya fito da hirami mai zanen baƙi da fari.
Ya fi ƙarfin wuyansa.
Gezar na sharar ƙasar Birniwa a bayansa.

Baƙonmu daga ƙaramar hukuma
ya ajiye kwalbar lemo, ya raɗa:
"Wannan ƙyallen a waya nake ganinsa,
a wuyan masu zanga-zanga.
Gobe a ce makarantar gwamnati ta ɗau ɓangare."
Malam Sabi'u saura masa shekara biyu ya ci fansho.
Ya kira ni da ido.

Ni na je.
Ni na durƙusa na ce, "Cire, ka ba ni ajiya."
Bai tambayi dalili ba.
Ya warware shi a hankali, zagaye uku,
ya tsaya gaban lasifika da wuya tsirara,
ya buɗe baki, ya rufe,
ya koma layi.

A ofis bayan an watse, shinkafa ta huce a kula.
Malama Uwani ta ce, "Ni ban ga laifi ba.
Ƙanwata shekara uku tana aikatau a Jidda,
ba a taɓa kiranta da sunanta ba.
Su ne za mu yi wa kara?"
Malam Ɗanjummai ya ce, "Yaron da bai taɓa wuce Gashuwa ba
shi zai biya bashin uwar ɗakin ƙanwarki?"
Malamin Arabiyya yana goge tabarau da bakin riga:
"Kuna ta siyasa, kuna ta al'ada,
kalmomin biyu ma daga bakin kakanninsa muka aro.
Har Alhamis ɗin."
Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Hedimasta ya ce a rufe maganar,
bango yana da kunne, kunnen kuma yana da babur.

Asabar da safe kakarsa, Hajja Ammuna,
ta sauke ƙwaryar nono a ƙofar gidana.
Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.
Ta karɓi hiramin, ta kakkaɓe allin aljihun teburina,
ta ce da Hausarta mai karkata:
"Maigidana ya saye shi a Sudan
shekarar da ya tafi Makka a ƙasa.
A ciki muka naɗe uban yaron ranar suna.
Da rani da shi nake rufe kindirmo.
Malam, nono wace jam'iyya yake?"

Na sayi na ɗari biyar, ban iya sha ba.

Litinin na tsayar da Hamdan a bakin aji.
Na ce, "Me ka shirya faɗa ran nan?"
Ya ce baiti huɗu ne da yarensu,
na wata jar saniya da ta ɓata da damina
ta dawo da maraƙi.
Na ce, "Faɗa mini yanzu, ni kaɗai."
Ya dubi rajistar da ke hannuna,
ya dubi takalmana.
"Na manta, Malam."